Volt Biyu a Kan Rumbun Surukina

Ban yi niyyar sa wannan babi cikin abin da nake rubuta muku ba. Na so in tsallake shi kamar yadda na tsallake wasu shekarun da ba su da daɗin tunawa. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne dawowar Rakiya daga suna a garin kakanninku na bayan Korgom, idanunta jawur. Wai wata tsohuwa ce ta nuna ta da baki a tsakiyar mata, ta ce wannan ita ce ɗiyar Tsinka-Waya, aka kwashe da dariya. Rakiya fa, mace da aurenta da ƴaƴanta, a tsaya ana yi mata dariya a kan abin da ya faru tana yarinya! To, tunda sunan nan ya ƙi mutuwa, ni kuma da aka laƙaba wa shi na fara jin ƙafafuna suna nauyi, gara ku ji yadda aka yi daga bakina. Ku sani tun yanzu, ba gafara nake nema ba. Da za a mai da ni wannan rana, filayar nan ta datse waya zan sake ɗauka.

Kun san fizik na koyar a kolej nan Tasawa har na ajiye alli. Kun kuma san kakanku Alhaji Mati, mahaifin uwarku, ko da yake ƙananan cikinku ba za su tuna fuskarsa ba. Mutum ne dogo mai ƙarancin magana, mai kyauta har ta yi yawa. A duk yankin ba wanda ya kai shi iya igiya. Idan igiyar guga ta tsinke a bakin rijiya, shi ake nema. Zai warware bakin nan da bakin can, ya saƙa su cikin juna, ya murza a cinyarsa, sai ka nemi wurin haɗin ka rasa. Makiyaya daga wajen Isawan sukan kawo masa igiyoyinsu ranar kasuwa. Yana alfahari da hannunsa, kuma ya cancanta.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta surukai, cikakkiya. Shekara ashirin da wani abu ina auren ɗiyarsa ban taɓa duban ƙwayar idonsa ba. In na hango shi a hanya zan tuɓe takalmi in durƙusa gefe, shi kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwa kamar da iska yake magana. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunana ba. In akwai magana tsakaninmu, ta bakin ƙanensa Baba Kalla take bi, wanda shi ne ya karɓi maganar aurenmu tun farko. Kada ku ɗauka abin ya dame ni. Wallahi ina son sa haka. Akwai wani sanyi a cikin irin wannan girmamawa da ku ƴan yanzu ba ku sani ba, kuma ban taɓa tsammanin ni ne zan fasa ta ba.

Shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Kawunku Sani ya dawo daga Libiya da allunan sola da manyan batura da firigo mai yin ƙanƙara. Garin ba su taɓa ganin ƙanƙarar da aka yi a garinsu ba. Sani ya so ya yi sana'a da ita, Alhaji ya ce a'a, wannan wata dai sadaka ce: duk mai azumi a garin zai buɗe baki da ruwan sanyi daga gidansa. Ku ga yadda mata ke layi da kwanoni bayan la'asar, ana ta sa masa albarka. Dattijon ya ji daɗin abin nan fiye da zuwansa Makka, in ba zunubi ba ne faɗin haka. Ya kafa doka cewa ba mai kashe firigon ko na ɗan lokaci sai an ga watan salla.

An ajiye baturan a ɗakin Sani cikin gida, firigon kuma a shagon da ke jikin zaure don kada jama'a su dinga ratsa gida. Tsakanin ɗakin da shagon rumbunan gidan suke, guda uku a jere, kowanne da hularsa ta shuci. Cikinsu akwai dammunan geron da gidan zai ci har kaka, har da irin shuka. Sani ya zo da waya mai kauri ta jan ƙarfe, mai kyau, ban ga laifinta ba, sai dai ta gaza. Aka samo guntuwar farar waya ta sanholo a kasuwar Korgom don a cika. Da aka zo haɗawa Sani yana ta fama, sai Alhaji ya karɓa. Ya fere bakin nan da bakin can, ya saƙa silin cikin juna kamar yadda yake yi wa igiyar guga, ya naɗe da robar tayar moto tam. Da aka ce a nemo dirka a kafa, ya ce me za a yi da dirka ga rumbu a tsaye. Aka ɗora wayar a kan hular rumbun tsakiya, haɗin ya zauna daidai a kan shuci.

Ni ban san wannan ba sai da Sani ya kira ni.

"Mushe, don Allah ka zo ka duba muna abin nan," in ji shi, da yake haka suke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko. "Da rana ta take sai akwatin firigon shi dinga kuka, ƙanƙara kuma ba ta kamawa kamar da."

Na zaɓi ranar kasuwar Korgom, don na san Alhaji ba ya gida. Na hau moto, ɗan babur ɗina, da ma'aunina a jaka, irin mai baki da ake maƙala wa waya ya faɗi yawan kuran, wato wutar lantarki, da ke wucewa. Bari in tuna muku abin da na shekara da shekaru ina cusa wa ƴaƴan mutane, tunda ku nawa kun fi kowa gudun fizik. Volt shi ne turin da ke bayan kuran. Amper shi ne yawan kuran da ke wucewa. Ka raba volt da amper, ka sami turjiyar hanya, ita ake aunawa da om. Ka ninka volt da amper, ka sami wat, wato aikin da aka yi ko zafin da aka zubar. Shi ke nan fa. Lissafi biyu ne, yaron shekarar farko a kolej yana yin su.

Na fara da bakin batir, rana tsaka, allunan suna cike da rana: volt goma sha huɗu. Na maƙala ma'auni a waya: amper ashirin, don bayan firigon har da fanka da wayoyin rabin gari da ake caji. Na ninka, wat ɗari biyu da tamanin ke fita daga ɗakin Sani. Na je shago na auna: volt goma sha ɗaya. Sau ashirin, wat ɗari biyu da ashirin. Ga dalilin kukan akwatin nan, turi bai ishe shi ba. Amma ni ba kukan ne ya tayar mini da hankali ba. Wat sittin sun fita daga ɗaki ba su iso shago ba, kuma kuran ba ya ɓata a hanya kamar akuya. In bai yi aiki ba, zafi ya zama. Na fito na bi wayar da ido har idona ya sauka a kan wannan baƙin ƙulli da ke kwance a kan rumbu.

Na ce wa Sani ya kawo tsani. Ya tsaya yana sosa ƙeya, don ya san abin da na sani: suruki ba ya hawan rumbun surukinsa. Kamar ka zo leƙen abin da ya rage musu ne. Na ce ya kawo, zunubin a kaina. Tun kafin in kai sama na ji warin roba. Na ɗora yatsa na janye da sauri. Robar ta yi laushi tana naso, shucin da ke ƙarƙashinta ya sauya daga ruwan ƙasa zuwa launin gasasshiyar gyaɗa. Na soka bakin ma'auni ɗaya kafin haɗin, ɗaya bayansa. Volt biyu. A tsawon da bai wuce yatsana ba, volt biyu ke zubewa. Na yi lissafin a saman tsani, baki bushe da azumi. Biyu a raba da ashirin, kashi ɗaya cikin goma na om. Biyu sau ashirin, wat arba'in. Ƙarfen da mai gyaran rediyo ke narka dalma da shi wat arba'in ne. To, shi aka kwantar a kan busasshen shuci, aka lulluɓe da roba, aka bar shi a kunne daga hantsi har yamma, a saman abincin shekara.

Na sauko, na faɗa wa Sani.

"Volt biyu?" ya ce, har da ƴar dariya. "Haba Mushe, batirin tocila guda biyu ai sun hi haka."

"Batirin tocila ba ya tura amper ashirin," na ce. "Ka bar kallon biyun, ka kalli abin da ake ninka ta da shi. Kuma jan ƙarfe da sanholo ba su zama lafiya. Suna zafi suna tsatsa, tsatsa na ƙara turjiya, turjiya na ƙara zafi. Biyun yau, gobe uku ce. A kashe yanzu, a sauke wayar, a sayo guda ɗaya marar haɗi daga Maradi, a kafa dirka."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi rumbun, ya dubi ƙofar zaure.

"Baba da hannunshi ya ɗaura shi," ya ce a hankali. "Ni in je in ce mishi ɗaurinshi bai yi ba? Kuma ya ce ba mai kashewa. Walle ba ni iyawa. Ka bi ta wajen Baba Kalla."

Na gwada ko za mu ɗaga wayar da gwafa, amma a miƙe take tsam, babu rara ko taƙi, kuma ko an ɗaga, narkakkiyar roba a kan shucin za ta ɗiga. Don haka na bi hanyar da aka shimfiɗa mini. Na sami Baba Kalla a inuwar bedi, wato dogon yaro, na durƙusa, na zana masa lissafin a ƙasa da tsinke. Na maimaita har sai da ya iya faɗa da kansa. Na ce masa da bakin nan nawa, rumbun zai kama wuta, in ya kama sauran biyun za su bi, gidan ma ban ba shi tabbas ba. Ya gyaɗa kai, ya ce subhanallahi, ya ce in tafi hankali kwance, yau ɗin nan magana za ta isa. Da na dawo gida na gaya wa uwarku, ta ce na yi daidai, haka ake yi.

Kwanakin da suka biyo ban san me na koyar ba. Ina rubutu a allo ina jin warin roba. Da kasuwa ta sake zagayowa na kasa haƙuri, na ɗauki uwarku a moto muka tafi da sunan kai gaisuwar azumi. Tun daga bakin gari na hango wayar tana nan inda take. Alhaji bai dawo ba, na sake hawa. Tabon shucin ya yi faɗin tafin hannu, tsakiyarsa baƙi. Ma'auni ya nuna volt biyu da rabi. Sau ashirin, wat hamsin. Na nemi Baba Kalla, ya ce ai yana jiran lokacin da ya dace ne, bai sami yayan nasa cikin nishaɗi ba. Na ce yau zai faɗa, kuma ina nan zaune a bakin zaure har ya faɗa.

Bayan la'asar dattawa suka taru a zaure kamar kullum suna jiran faɗuwar rana. Na zauna a waje jikin bango, a kan wani turmi da aka kife, inda suruki ya kamata ya zauna. Ina jin komai. Baba Kalla ya yi gyaran murya.

"Yaya, mijin yarinya na gaishe ka. Ya ce ya ga aiki, ya yaba ƙwarai. Ya ce ya auna ɗaurin nan naka da na'urarshi, abin da ya iske bai ko kai ɗaya ba. Sai dai ya ce in Allah ya kai mu bayan salla, in da hali, a ɗan ɗaga wayar kaɗan."

"Madalla," in ji Alhaji. "A ce mishi na gode. Allah shi yi albarka."

Har yau in na tuna sai in ji jinina ya hau. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Turjiyar ba ta kai om ɗaya ba, gaskiya ne. Ya ɗauki rabon ya kai, ya jefar da ninkin a hanya. Ya kai ƙaramar lambar da za ta faranta ran yayansa, ya bar wat hamsin a kan rumbu. Kalmar wuta ma bai furta ba. Mata suna wucewa ta gabana da kwanoninsu, yara na guje-guje a gindin rumbunan, uwarku na ciki wajen mahaifiyarta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsakiyar zaure, takalmana a ƙafa, a kan tabarmar dattawa.

Alhaji ya juya fuskarsa bango.

"Kalla, wa ya shigo?"

"Baba, ni ne," na ce. Karo na farko ke nan da na yi masa magana kai tsaye, muryata kamar ba tawa ba. "Ka gafarce ni, ba haka na ce ba. A igiya ba wanda ya kai hannunka, amma kuran ba guga ba ne. Ɗaurin nan shina ci da zahi kamar ƙarhen narka dalma. Shucin da ke ƙarƙashinshi ya riga ya yi baƙi. In ba a kashe yau ba, rumbunka zai ƙone."

Bai juyo ba. Ya yi magana a sanyaye, da Kalla, kamar ba ni a wurin.

"Kalla, tambaye shi, ya aka yi ya san launin shucin da ke saman rumbuna? Hawa ya yi?"

"Na hau, Baba. Sau biyu."

"To tambaye shi ko ya ƙirga dammunan, ko sun ishe shi."

Wani dattijo ya ce a'uzubillahi. Liman ya kama hannun rigata yana cewa in fita, in fita, a yi maganar bayan an sha ruwa. Na tsaya. Na ce a zo a gani da ido, tsani na nan a jingine. Ba wanda ya motsa. Wa zai tashi ya je duba aikin Alhaji a gaban Alhaji?

"Kalla," in ji shi, "gaya mishi na yi ma Allah alkawarin ruwan sanyi har a ga wata. Wayar nan ba mai taɓa ta."

Na tsaya ina duban bayan wuyansa. Na san abin da zan rasa, kada wani ya ce muku zuciya ce ta kwashe ni ban yi tunani ba. Na yi tunani sarai. Na auna mutuncina a gidan nan da rumbu uku da mutanen da ke barci kusa da su, na ga ba su zo ɗaya ba. Na fita, na shiga ɗakin Sani na kwance kan batir, don ba a yanka waya da kuran a cikinta a saman shuci. Gurnanin firigon ya ɗauke, matan da ke layi suka juyo. Da na tsaya nan, da na ba da baya za a mayar. Sai na hau tsanin a karo na uku, a gaban gari duka, na sa filaya na datse wayar ta nan da ta can, na cire haɗin, yadda ko an so a sake ɗaurawa ba za ta kai ba. Ƙullin ya ƙona mini tafin hannu kafin in sauko. Na kai shi bakin zaure na ajiye a kan tabarma, robar ta narke ta manne da ƙarfen, na ce ga shi a taɓa a ji. Alhaji bai waiwayo ba. Baba Kalla ya miƙa ƙafa ya ture shi waje, cikin ƙasa.

Mun dawo Tasawa a kan moto. Washegari garin suka buɗe baki da ruwan randa kamar yadda kakanninsu suka yi, kuma ban ji wanda ya mutu ba. Na je Maradi na sayo waya guda marar haɗi, na haɗa da dirkar ƙarfe na aika. Ranar kasuwa mai amalanke ya sauke mini su a ƙofar gida, wayar a naɗe yadda na aika ta. Ta bakinsa Baba Kalla ya aiko da saƙon Alhaji, wannan karon kam bai rage ko harafi ba: ɗiyarsa ƙofa a buɗe take gare ta, amma wanda ya hau rumbunsa ya kuma taka masa tabarma da takalmi, ya gama shiga gidan. Alhaji ya hana a sake kunna firigon har abada. Daga baya na ji dusar awaki ake zubawa a ciki.

Na haɗu da Baba Kalla a tashar Korgom bayan salla. Na tambaye shi don me ya yi mini haka.

"Mushe, kai yaro ne," ya ce. "Magana irin wagga ba a kai ta ga babba da zahinta. Sai an hurhura."

"Rumbun fa?" na ce. "Shi ma hurhura mishi za ka yi?"

Ya ce ba ni da kunya, ya wuce. Shi ya mutu da sunan mai gyara tsakanin mutane, an cika maƙabarta ranar jana'izarsa. Ni kuma ga sunan da na samu.

Wadda ta fi kowa biyan abin nan uwarku ce. An zuga ta ta dawo gida, ta ƙi. Amma daga shekarar nan kowace salla ita kaɗai take tafiya da ku, ni in kai ku bakin gari in zauna a gindin gawo kamar ɗan kabu-kabu har ku fito. Kun sha tambayata me ya sa ba na shiga, ina ce muku moto nake tsaro. Da Alhaji ya kwanta ciwon ajali ta yi jinyarsa, ta roƙe shi ya bari in zo, ya juya fuska bango kamar ranar nan. Na yi masa salla a sahun ƙarshe, tare da baƙi. Na yi kuka, don ina son mutumin nan, kuma har ya koma ga Allah sau ɗaya tak muka yi magana. Sau ɗaya ita ma uwarku ta taɓo maganar, wata safiya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ka yi daidai, Malam," ta ce. "Amma kar ka sa ran in ji daɗi."

Ban sa ran ba. Abin da na kasa haɗiyewa har yau shi ne wannan: rumbun bai ƙone ba, kuma shi ne laifina. Da na yi shiru na koma bakin turmina, da wata rana iska ta taso, da yanzu ana cewa Allah sarki, Mushe ya faɗa ba a ji ba. Da ni ne mai hangen nesa, ana kawo mini yara in sa musu albarka. Da na hana abin faruwa, sai ya zama ba abin da zai faru tun farko. A shekarar damina ta yi jinkiri, rumbun tsakiyar nan shi ya riƙe gidan da maƙwabta har aka yi girbi, daga cikinsa aka ɗebi irin da aka sake shukawa bayan na farko ya bushe. Tsohuwar da ta nuna Rakiya da baki, ina da yaƙinin ta sha furar geron nan. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan. Sun tuna ƙanƙarar da ba su sha ba, sun manta tuwon da suka ci.

Yanzu ga shi ni ma na zama suruki. Lawali mijin Rakiya yaron kirki ne, ɗan Mayahi, in ya hango ni a layi sai ya tuɓe takalmi ya bi ta wani lungu. Bayan dawowar Rakiya daga sunan nan na aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Na ce masa kunyarsa ta yi mini, ya riƙe ta, kada ya ci abinci a gabana in bai so, kada ya kira sunana. Amma abu ɗaya: ranar da ya ga wani abu da zai ƙone mini gida, ko da hannuna na ɗaura shi, ya shigo da takalmansa ya dubi idona ya faɗa, kada ya aiko kowa. Na tambaye shi ko ya ji. Ya yi ta zane a ƙasa da yatsa, can ya tashi ya fita da baya.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Abokinsa ne, ya durƙusa, ya gaishe ni da kyau.

"Baba, Lawali ne ya aiko ni. Ya ce a gaya maka ya ji, kuma ya gode."

Uwarku tana tsakar gida tana jin mu. Ta dube ni, karo na farko a tsawon shekarun nan ta yi dariya a kan maganar.

"To, Malam," ta ce, "ga naka Kallan ya iso."

Ni ban yi dariya ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko filayar nan, ita dai ta ranar, hannunta ya ci tsatsa. Na damƙa wa yaron, na ce ya kai wa Lawali hannu da hannu, kada ya ƙara kalma ɗaya a kanta, kada kuma ya hurhura.